Kundin Lambu: Tumatirina da Farar Raɓar Watan Mayu a Sheffield

Asabar, 14 ga Maris, 2020

Yau na zuba irin tumatir a cikin ƙananan robobi, na jera su a bakin tagar kicin wadda take fuskantar kudu. Iri uku ne. Akwai Roma, wanda na zaɓa saboda shi ne tumatirin miya da na tashi na sani a gida, mai tsoka da ƙarancin ruwa, akwai Moneymaker, tsohon irin da mutanen Ingila suka daɗe suna nomawa, sannan akwai Gardener's Delight mai ƙananan 'ya'ya masu zaƙi, wanda yara suka matsa sai an shuka. Wannan ce shekarata ta farko a ɗan filin lambun da na samu haya a kwarin Rivelin, yamma da birnin Sheffield na ƙasar Ingila, bayan doguwar jira a layi. Filin yana kan gangare. Daga sama akwai tsohon bangon dutse da rana take dukansa tun hantsi, daga ƙasa kuma akwai shingen itatuwa mai kauri, bayansa ana jin ƙarar kogi. Na ƙudura zan riƙa rubuta abin da na yi da ranar da na yi shi, domin a baɗi in san inda na dace da inda na kauce.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Irin ya tsiro cikin kwana 8, kuma yau da ganyen gaskiya ya fito na raba su, kowanne da tukunyarsa. Na zaɓi 24 mafi ƙarfi: Roma 12, sauran iri biyun kuma shida shida. Tun ranar 23 ga Maris ƙasar take cikin dokar kulle saboda annobar korona, amma gwamnati ta bayyana cewa zuwa lambun haya yana cikin motsa jikin da aka yarda mutum ya fita yi sau ɗaya a rana, saboda haka aikin gyaran ƙasa bai tsaya ba. Na yi komi biyu, ɗaya a gindin bango, ɗaya a ƙasa kusa da shinge, inda ƙasar ta fi baƙi da laushi. A idona komin ƙasa shi ne fadamar filin, kuma nan na ware wa Roma.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Azumi ya shiga ranar Juma'a. Watan Afrilun nan rana ake yi kusan kullum, ruwan sama kuma ya yi ƙaranci, har ƙasar komayen ta fara tsagewa. Tumatirin ya yi tsawo fiye da kima a bakin taga, wasu sun wuce taƙi ɗaya, suna karkata wajen haske. Na fara saba musu da waje: da safe in fitar da su bayan gida inda babu iska, da yamma in mayar da su ciki, kullum ina ƙara musu awa ɗaya ko biyu. Ana so a yi hakan na mako ɗaya zuwa biyu kafin dashe, domin ganyen da ya tashi a ɗaki fatarsa ba ta da ƙwari, rana da iska suna iya ƙona shi a yini guda.

Maƙwabcina a lambu wani dattijo ne ɗan asalin ƙasar Poland, wanda ya haura shekara 20 yana noma filinsa. Muna gaisawa daga nesa, shinge a tsakaninmu, kamar yadda doka ta ce. Da na gaya masa ina shirin dashe a makon farko na Mayu, sai ya girgiza kai. Ya ce a ƙasarsu ba a fitar da tumatir sai ranar 15 ga Mayu ta wuce, domin ranakun 12, 13 da 14 suna kiran su manoman sanyi, da sunan waliyyai uku na Kirista da ranakun tunawa da su suka faɗo a nan, Pankracy da Serwacy da Bonifacy, ranar 15 kuwa ta Sofiya mai sanyi ce. Ya ƙara da cewa a wannan kwarin shi kansa sai ƙarshen wata yake dasawa. Na yi masa godiya da ladabi, amma a raina na ɗauki maganar a matsayin camfin tsofaffi.

Juma'a, 8 ga Mayu

Yau hutu ne a Birtaniya, ana cika shekara 75 da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu a Turai, kuma gari ya yi ɗumi har mutane suna zaune a ƙofar gidajensu da 'yar shara. Na dasa 18 daga cikin 24. Komin ƙasa ya ɗauki Roma 10, komin bango ya ɗauki 8: Moneymaker huɗu da Gardener's Delight huɗu. Na zurfafa ramukan na binne kara har zuwa ganyen farko, domin karan tumatir yana fitar da saiwa a duk inda ƙasa ta rufe shi. Na ba su ruwa sosai, sannan na shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri a komin ƙasa don kada danshi ya gudu. Shida sun rage a gida, kuma ba dabarata ba ce. Uwargida ce ta ce, "Malam, ka bar wasu a nan tukuna, ba a zuba hatsi duka a rumbu ɗaya." Na bari ne don kada a ja magana.

Ya kamata in rubuta dalilin da ya sa na ƙi jin maganar dattijon, domin a nan kuskuren yake. Na tashi a yankin Kura da Kadawa a Jihar Kano, inda ake noman rani da ruwan madatsar Tiga. A can tumatir amfanin sanyi ne. Ana zuba iri bayan damina, a yi dashe wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ya yi fure a cikin hunturu, daga Janairu zuwa Maris kwanduna su cika bakin titi har a rasa mai saye. Abin da yake kashe shi zafin bazara ne, lokacin da fure yake zubewa bai ƙulla ɗa ba. Ban taɓa jin manomi a can yana kukan sanyi ya yi wa tumatir yawa ba. Da wannan sanin na zo, shi ya sa na ɗauka shukar da take jin daɗin daren Janairu a Kadawa ba za ta ji tsoron daren Mayu a Ingila ba.

Asabar, 9 ga Mayu

Hasashen hukumar yanayi ta Birtaniya ya canja fuska. Sun ce daga gobe iska mai sanyi za ta sauko daga yankin ƙanƙara na arewacin duniya, kuma akwai yiwuwar farar raɓa a farkon mako. Farar raɓa ita ce raɓar da take daskarewa a kan ganye da ƙasa kafin gari ya waye, a tashi a ga kamar an barbaɗa wa lambu gishiri. Na duba abin da nake da shi a gida: tsofaffin zannuwan gado biyu, bokitai huɗu, kwalaye uku, da wata babbar leda da aka naɗo katifa a ciki. Shagunan kayan lambu a rufe suke tun farkon kulle, oda ta intanet kuma ba za ta iso kafin mako ya ƙare ba. Na sa yara su tattaro duk robar ruwa da ta lemo mai cin lita 2 da ke gidan, aka samu 14.

Lahadi, 10 ga Mayu

Iskar ta iso da rana, daga arewa maso gabas, mai ƙarfi da bushewa kamar jaura. Wanda ya fita jiya da riga ɗaya yau sai da rigar sanyi. Ban rufe komai ba sai kara da na kafa wa kowace shuka na ɗaure ta, domin muddin iska tana kaɗawa haka tana gauraya sanyin ƙasa da ɗumin sama, raɓa ba ta samun zama. Daren da iska za ta kwanta shi ne abin tsoro.

Litinin, 11 ga Mayu

Da la'asar iska ta fara lafawa, gajimare ya watse, sama ta yi tas. Hasashe ya ce birnin zai sauka zuwa digiri 2 ko 3, kuma da farko na ji sanyi a raina tunda bai kai sifili ba. Dattijon ne ya gyara mini fahimta. Ma'aunin hukuma yana cikin akwati ne a tsayin mita 1.25 daga ƙasa, alhali tumatirina yana ƙasa ƙasa, inda ake iya samun ragin digiri uku ko huɗu a daren da sama take a buɗe. Yadda abin yake faruwa shi ne, ƙasa da ganye suna sakin zafin da suka sha da rana zuwa sama. Idan akwai gajimare, yana mayar da wani kaso na zafin kamar bargo. Idan babu, zafin yana tafiya ba ya dawowa, ganye ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi, iskar da ta taɓa ƙasa ita ma ta yi sanyi ta yi nauyi, sai ta riƙa gangarowa kamar ruwa tana neman kwari. Da ya kai nan sai ya nuna shingen da ke ƙasan filina da sandarsa, bai ƙara cewa komai ba. Shingen madatsa ce, kuma komin da na kira fadama tafkin sanyi ne.

Na fara aiki ƙarfe 6 na yamma, da azumi a bakina. Na shayar da komayen biyu, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa ta fi busasshiya riƙe zafin rana da kuma sakinsa da dare. A komin bango na kafa sanduna na yi rumfa, na jera robobin ruwa 14 a tsakanin shukoki, bayan sun wuni a rana, sannan na lulluɓe da zannuwan gado har ƙasa, na danne gefuna da duwatsu. Hikimar rufin ita ce ya tare zafin da ƙasa take fitarwa, shi ya sa dole ya sauka har ƙasa. Wanda ya ɗaure zane a wuyan shuka kamar ɗankwali ya raba ta da ƙasar da za ta ɗumama ta. Ruwan robobin kuma ma'ajiyar zafi ne. Yana sakin ɗumi a hankali yayin da yake hucewa, idan kuwa ya kai ga daskarewa, zafin da lita ɗaya take saki a lokacin ya kai ninki 80 na abin da take saki idan ta sauka da digiri ɗaya.

Komin ƙasa bai samu irin wannan gata ba, domin kayan sun ƙare. Huɗu na kife musu bokiti, uku na kife musu kwali, ukun ƙarshe na ja ledar katifa a kansu ba tare da sanda ba, saboda rana tana faɗuwa kuma ana shan ruwa wajen ƙarfe 9 saura. Ma'aunin zafi ɗaya gare ni, mai riƙe mafi ƙarancin abin da aka samu a dare, na ajiye shi a komin bango a waje da rumfa. Dattijon ya rataye mini nasa a kan shinge, na goge shi na ajiye a komin ƙasa.

Talata, 12 ga Mayu

Bayan sahur da sallar asuba ban koma barci ba. Sanyi mafi tsanani yana zuwa ne dab da fitowar rana, wadda a nan yanzu take fitowa jim kaɗan bayan ƙarfe 5, saboda haka na isa lambu a daidai lokacin. Tun daga hanya na ga alama, gilasan motoci sun yi fari, ciyawar bakin kogi tana ƙara a ƙarƙashin takalmi. Ma'aunin komin bango ya tsaya a digiri 0.5 sama da sifili. Na komin ƙasa ya nuna digiri 2 ƙasa da sifili. Tsakanin komayen biyu bai kai taku 15 ba.

Takwas ɗin da ke ƙarƙashin zanin gado lafiya lau suke, zanen ya sandare amma cikinsa da ɗan ɗumi. Ukun da ke ƙarƙashin kwali sun tsira, sai ɗaya da gefen ganyensa ya taɓu. Na bokiti biyu sun tsira, biyu kuma kawunansu sun langaɓe, su ne waɗanda suka yi tsawo har suka taɓa gindin bokitin. Ukun da ke ƙarƙashin leda kuwa sun tafi. Da sassafe ganyensu ya yi duhu kamar alayyahon da aka zuba wa tafasasshen ruwa, kafin hantsi ya yi baƙi ya kwanta. Leda siririya ba ta riƙe zafi, kuma duk inda ta taɓa ganye tana miƙa masa sanyin kai tsaye, ga danshin da ya taru a cikinta ya daskare a jikinsu. Ruwan da ke cikin ganyen ne yake zama ƙanƙara, ya tsotse ƙwayoyin halittar ganyen ya farfasa su, kuma tumatir, wanda asalinsa yammacin Kudancin Amurka ne aka kuma fara noma shi a Meziko, ba shi da wata kariya daga wannan.

Akwai wata al'ada a tsakanin masu lambu a nan, cewa idan aka yayyafa wa shukar da raɓa ta kama ruwan sanyi kafin rana ta taɓa ta, za ta farfaɗo. Na gwada a kan biyu daga cikin ukun leda. Ban ga bambanci tsakaninsu da ta ukun ba, kuma a ganina ganyen da ya riga ya fashe daga ciki ruwa ba zai ɗinke shi ba.

Kuskure na biyu dattijon ne ya gano shi da ya leƙo. Busasshiyar ciyawar da na shimfiɗa a komin ƙasa ta hana rana ɗumama ƙasar da rana, ta kuma hana ƙasar sakin ɗuminta da dare, saboda haka shukokin sun kwana a kan katifar sanyi. Abin da yake taimako a watan Yuli ya zama cuta a watan Mayu. Na kwashe ta gaba ɗaya na tara a gefe. Ba ni kaɗai abin ya shafa ba, kusan duk mai dankalin Turawa a layinmu ganyensa ya yi baƙi, sai dai dankali yana da ajiya a ƙarƙashin ƙasa kuma zai sake tohowa. Tunda fita ɗaya doka ta ba ni a rana kuma na riga na yi ta, babban ɗana ne ya je ya rufe su da yamma, da takardar umarni a hannunsa.

Laraba, 13 ga Mayu

Daren jiya da ɗan gajimare, komin ƙasa ya tsaya a digiri 1 sama da sifili, ba a yi asara ba. Daga yau an sassauta doka a Ingila, mutum yana iya fita motsa jiki sau nawa ya ga dama, kuma an buɗe shagunan kayan lambu. Na bi layi na kusan awa ɗaya na sayi farin mayafin lambu, wani yadi marar nauyi da haske da ruwa suke ratsa shi. Iri biyu ake sayarwa, mai nauyin giram 17 a kowane murabba'in mita da mai giram 30. Siririn ne kawai ya rage, wanda kariyarsa ba ta wuce digiri biyu ba, don haka na sayi mai tsawo domin in ninka shi biyu.

Na yi wa komin ƙasa rumfa irin ta bango, da lanƙwasassun bututan roba, na tabbatar babu ganyen da yake taɓa mayafin. Na raba robobin ruwa gida biyu, na ƙara da jarka biyu da na cika da ruwan ɗumi daga gida. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun Afrilu: na sare ƙananan rassan shingen a kusurwar da ta fi gangare, na buɗe kafa mai faɗin kamu biyu, domin iska mai sanyi ta samu hanyar wucewa zuwa kogi. Na yi tunanin kunna kyandir a cikin rumfar, tunda na san masu gonakin inabi a Faransa, musamman a yankin Chablis, suna jera ɗaruruwan gwangwanayen wuta a tsakanin kunyoyi a irin waɗannan darare. Na fasa, domin wuta a ƙarƙashin yadi a wurin da babu mai tsaro ba dabara ba ce.

Alhamis, 14 ga Mayu

Goman ƙarshe na azumi ta shiga, dama ba barci ake yi sosai ba, kuma duk lokacin da na leƙa taga taurari nake gani. Wannan daren ya fi na Litinin sanyi. Komin ƙasa ya sauka zuwa digiri 2.5 ƙasa da sifili a waje da rumfa, komin bango kuma ya taɓa sifili. A labarai an ce garin Katesbridge da ke Arewacin Ireland ya kai digiri 6.1 ƙasa da sifili. Duk da haka babu ko ganye ɗaya da ya ƙone a ƙarƙashin mayafin da aka ninka. Saman mayafin ya yi fari fat, ruwan robobin da ke gefe ya yi 'yar fatar ƙanƙara, na tsakiya bai yi ba. Ba zan iya raba wa kowace dabara ladanta ba, tunda na canja abu huɗu a lokaci ɗaya: mayafi, ruwa, kwashe ciyawa da buɗe shinge. Amma ganin cewa tazarar da ke tsakanin komayen biyu ba ta ragu ba, ina zaton kafar shingen ba ta yi aikin da na sa rai ba, ko kuma ta yi ƙanƙanta.

Na jira har ƙarfe 8 kafin in buɗe su. Buɗewar tana da muhimmanci kamar rufewar, musamman ga bokiti da leda, domin ranar Mayu tana da ƙarfi, kuma shukar da ta tsira daga sanyin asuba tana iya dahuwa kafin azahar idan aka manta da ita a rufe.

Asabar, 16 ga Mayu

An ƙara samun farar raɓa kaɗan a daren Alhamis, daga nan sai darare suka fara ɗumi. Ranar Sofiya mai sanyi ta wuce, dattijon bai ce mini komai a kai ba, sai tambaya da ya yi ko ina bukatar ragowar tumatirin da ya rena a ɗakin gilashinsa. Na ce masa ina da shida a gida. Na yi waya da Yayana a Kura na ba shi labari. Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kai yanzu tumatir ne kake lulluɓa wa zanin gado?" A wurinsu kakar ta riga ta ƙare, zafi ya kwashe ragowar, kuɗin kwando yana ta hawa. Da na ce masa sanyi ne ya ƙona ganyen ya yi baƙi, sai ya ce shi wannan sai ya gani da idonsa. Na tura masa hoto.

Ukun leda na tone su. Karan biyu ya yi laushi har ƙasa, ya zama ruwa ruwa, na jefa su a ramin taki. Na ukun, daga inda ƙasa ta rufe shi zuwa ƙasa, kore ne kuma da ƙwari, saboda haka na mayar da shi na bar masa dungu. Biyun bokiti da kawunansu suka ƙone ban taɓa su ba tukuna, domin sai an ba shuka kwanaki kafin a ga iyakar inda ɓarnar ta tsaya.

Laraba, 20 ga Mayu

Yau zafi ake yi sosai, mako ɗaya kacal bayan ƙanƙara. Yanzu ne wata ɓarnar da ba a gani da farko take bayyana. Har waɗanda ba su ƙone ba sun tsaya cik, ba su ƙara ko ɗan yatsa ba tun ranar dashe, kuma bayan ganyensu ya koma shuɗi mai ja, musamman Roma. Wannan alamar ƙarancin sinadarin fosfaras ce, amma ba don babu shi a ƙasar ba. Saiwar tumatir ba ta iya jan shi idan ƙasa ta yi sanyi, kuma shukar tana daina girma sosai idan aka sauka ƙasa da digiri 10. Saboda haka ban ƙara taki ba, ɗumin ƙasa ne maganin. A nan ne na ga iyakar abin da na sani daga gida. Daren hunturu a Kano yakan sauka zuwa digiri goma sha wani abu, amma da rana ƙasa tana shan zafi har ta ƙoshi, saiwa ba ta taɓa zama cikin sanyi dare da rana ba. Abin da muke kira sanyi a can shi ne daidai abin da tumatir yake so.

Shidan da suka rage a gida, waɗanda suke wuni a waje suna kwana a ɗaki, sun fi na lambu tsawo da kauri, biyu har sun fitar da kan fure. Kwana 12 da na ɗauka na ci riba da dashen wuri, na gida ne suka ci su.

Biyun bokiti sun fitar da toho a hammatar ganye, ƙasa da inda suka ƙone. Na yanke mataccen kan da wuƙa mai tsabta, na bar toho ɗaya mafi ƙarfi a kowacce ya zama sabon kai.

Litinin, 25 ga Mayu

An yi Sallah jiya Lahadi, kowa a gidansa, masallatai a rufe. Juma'a da Asabar an yi iska mai ƙarfin gaske wadda ba a saba gani a wannan lokaci ba, ta yage gefen mayafin da na bari a kan bututai, ta karya Moneymaker ɗaya a komin bango daga inda igiya ta shaƙe karan. Laifin ɗaurina ne, na matse igiyar da yawa. Dungun da na bari daga cikin ukun leda ya fitar da ɗan toho daga ƙarƙashin ƙasa, abin da ba zai yiwu ba da ban zurfafa dashen ba.

Asabar, 30 ga Mayu

Na dasa shidan gida. Biyu sun maye gurbin Roma da suka mutu, ɗaya ya maye gurbin Moneymaker da iska ta karya, ukun da suka rage na ƙara tsawon komin bango na sa su a can. Dattijon shi ma yau ya fitar da nasa, kuma nasa sun fi duk abin da ke filina kyau. Ban mayar da busasshiyar ciyawar ba tukuna, ko da yake fari ya yi tsanani kuma kullum sai na yi jigilar ruwa. Zan jira ƙasa ta ƙara ɗumi zuwa tsakiyar Yuni.

Asabar, 6 ga Yuni

Hukumar yanayi ta sanar cewa Mayun da ya wuce shi ne watan da ya fi kowanne hasken rana a tarihin ƙididdigarta a Birtaniya, da awa 266, kuma a cikin wannan watan ne raɓa ta daskare sau uku a filina. Hasken ranar da sanyin daren abu ɗaya ne ya kawo su, wato sama marar gajimare. Tun ranar Laraba gari ya juya, ana ruwa da sanyi, amma da gajimare a sama ban damu da rufi ba.

Lissafin yau shi ne shuka 21 a ƙasa daga cikin 24. Raɓa ta kashe biyu, iska da igiya sun kashe ɗaya. Waɗanda aka dasa ranar 30 ga Mayu su ne a gaba, furensu na farko ya buɗe. Na komin bango da suka kwana ƙarƙashin zanin gado suna biye da su, launin ganyensu ya dawo kore. Roma na komin ƙasa suna baya da kimanin mako biyu, dungun kuwa tohonsa bai wuce tsawon yatsa ba, kuma da wuya ya nuna 'ya'ya kafin sanyin kaka ya dawo a watan Oktoba, amma na bar shi domin in ga iya abin da zai yi. Na wanke mayafin na shanya, na ninke shi na ajiye a rumfar kayan aiki tare da robobin ruwa. A shafin baɗi na rubuta cewa za a zuba iri a makon farko na Afrilu, a yi dashe bayan 25 ga Mayu a gindin bango kaɗai, komin ƙasa kuma a ba wa albasa da kabeji.